Kawu Baluarte Ya Daskare

Tallar ta fara fitowa ranar ɗaya ga Disamba, ana tsakiyar labaran rana, ina gugar baƙar rigata. Wata guda ke nan da binne mahaifiyata, kuma na ɗauki alkawarin ba zan cire baƙi ba sai shekara ta zagayo. Eliécer, mijina, ya ja kujera har gaban talabijin kamar mai ciwon ido.

Ya ce, "Lina, ajiye gugar nan, ga mijinki nan tafe."

Iyali ne aka nuna a teburin cin abincin Kirsimeti. Akwai wani siririn saurayi mai farar riga, shi ne wai kwamfutar Picaflor, sabuwar yayi. Akwai kuma wani kawu mai tumbi cikin kwat ruwan toka, shi ne kwamfutar Baluarte, wadda ke kowane ofishi da kowane shagon buga takardu a garinmu Guayaquil. Kawun nan shi ne Eliécer. Kakar gidan ta ce a nuna mata hotunan jikokinta. Saurayi ya kaɗa yatsa, hotuna suka cika bango. Kawu ya miƙe ya ce shi ma ya iya, ya ɗaga cokali, ya buɗe baki, sai ya tsaya cak. Ido a buɗe, miya na ɗiga daga cokalin. Aka yi ta jira. Can sai kakar ta taso ta zabga masa mari a ƙeya, ya zabura ya ce, "Ina muka tsaya?"

Ta bango na jiyo maƙwabta suna ƙyaƙyatawa. Ni ban yi dariya ba, don na san wannan tsayuwar. Shekara goma sha ɗaya ina ganinta a ɗakin girkina, tun ranar da Eliécer ya faɗo daga tsani yana rataya fitilu a gidan wasan kwaikwayo, ƙeyarsa ta tsage, likitoci suka toshe wurin da ƙarfe. Tun daga nan yake fama da farfaɗiya, irin wadda ba ta kayar da mutum. Yana magana sai ya ɗauke, minti ɗaya, minti biyu, babban yatsansa na hagu yana murza na kusa da shi, sannan ya dawo bai san ya tafi ba. Likita ya faɗa mana a fili cewa duka ɗaya mai ƙarfi a wurin nan ya isa ya kashe shi. Mu uku kaɗai muka sani: ni, da shi, da compadre Fulton, uban baftismar 'yarmu. Ɗan wasan da aka san yana da ciwo ba a ba shi aiki.

Na ce, "Wannan wasa ne ka yi, ko ita ce ta zo?"

"Wasa ne mana."

"Eliécer."

Ya sosa wuya. Ya ce ranar gwaji ce ta zo masa da gaske, yana tsakiyar karanta takarda, da ya dawo ya tarar da mai shirya tallar yana share hawayen dariya, nan take aka ba shi aikin. Ya rantse wadda aka ɗauka a kyamara kwaikwayo ce, kuma hannun tsohuwar ko taɓa shi bai yi ba, ƙarar marin daga baya aka saka.

Na ce, "Su masu kallo an gaya musu haka?"

Makon farko daɗi ne zalla, ba zan yi ƙarya ba. Shekara talatin Eliécer yana wasa a gaban kujerun da ba kowa, yanzu ga shi mai sayar da kifi a kasuwa yana ƙara masa guda yana cewa a gaida Kawu. Direbobin bas suna danna masa hon. A gidan rediyo an buɗe layi ana ta musu, masu Picaflor suna cewa gaskiya aka faɗa, masu Baluarte suna cewa abin wasan 'ya'yan masu hali ne ake neman ɗora wa mutane. Ya riƙa dawowa gida fuska a sake, yana kwaikwayon muryar kowa. Na daɗe ban ga mijina haka ba, kuma na so shi a haka, shi ya sa na yi shiru fiye da yadda ya kamata.

A mako na biyu aka fara taɓa shi. Muna layi a kantin magani, wani saurayi mai lakatai, da ganinsa ma'aikacin banki ne, ya miƙo hannu ya ɗan buga masa ƙeya da yatsu biyu, ya ce, "Tashi, Kawu." Kowa ya yi dariya. Eliécer ya zabura ya ce, "Ina muka tsaya?" Aka tafa masa. Ni kuwa na bi saurayin da zagin da ban san na iya ba, har wata mata ta ce mini haba, Doña, ai wasa ne.

Masu Baluarte su ba wasa suke yi ba. Don Hermógenes, mai shagon buga takardu a bakin layinmu, ya daina amsa gaisuwarmu. Ranar da na je buga takardar asibiti ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni da cikakken sunana.

"Shekara ashirin ina ciyar da iyali da na'urar nan, Doña Dioselina. Yanzu yara na leƙowa suna tambaya ko ni ma sai an mare ni nake aiki. Ki gaya wa mijinki ya ci tuwonsa, amma ba da mutuncinmu ba."

"Ba shi ya rubuta ba, Don Hermógenes."

"Fuskarsa muke gani."

Sai ya zama masu sonsa suna kai masa hannu don raha, masu jin haushinsa suna kai masa don huce takaici, kuma daga baya ba ka iya bambanta hannun. Ana gobe Kirsimeti aka saki talla ta biyu. A wannan karon marin kaka bai tashe shi ba, sai duk iyalin suka yi layi, kowa ya ba da nasa. Na ɗinka soso mai kauri a cikin hularsa ta hana salla. Ya sa ta kwana biyu, ya ce tana sa shi gumi.

Compadre Fulton sana'arsa yin mutum-mutumai na takarda na Tsohuwar Shekara, waɗanda muke duka mu ƙone ranar talatin da ɗaya don baƙin cikin shekara ya tafi da su. Ranar ashirin da bakwai ya shigo gidanmu hannu duk manne da takarda, ya ƙi zama.

Ya ce mini, "Comadre, bana ba mai son 'yan siyasa, ba mai son 'yan ƙwallo. Kowa Kawu Baluarte."

Eliécer ya washe baki. "Ka ji ko, Lina? A garin nan sai ka isa ake ƙona ka."

Fulton bai yi dariya ba. Ya ce, "Compadre, ba ƙonawar ce ta dame ni ba. Duk wanda ya zo sai ya ce in ƙara takarda a ƙeyar, in yi mata kauri, don kowa a gida ya samu rabonsa kafin ta fashe. Jiya wani ya gwada da dunƙule a gabana. Ka tafi ƙauye wurin ƙanwarka har a shiga Janairu."

A nan ne Eliécer ya fito da abin da yake ɓoyewa. Masu tallar sun shirya wasa a titin 6 de Marzo, inda ake sayar da mutum-mutumin, ranar talatin da ɗaya da ƙarfe huɗu na yamma. Kujeru goma a jere, Kawu Baluarte goma a zaune, tara na takarda, ɗaya na gaske da aka shafa wa fenti mai ƙyalli a fuska don ya yi kama da su. Jama'a su nuna daga bayan igiya, wanda ya canka ya tafi da kwamfuta. Bayan minti biyu sai ya miƙe ya faɗi maganarsa.

Na ce ba zai je ba. Na ce zan kira su in gaya musu abin da ke cikin kansa.

Ya dube ni ya ce, "Ki kira. Gobe duk gari ya ji cewa Eliécer Quimí bai taɓa iya wasa ba, ciwo ne aka biya shi ya yi. Lina, minti biyu ne. Akwai igiya, akwai masu gadi. Sau ɗaya a rayuwata titi zai cika saboda ni."

Ban kira ba. Na riƙe wayar sau uku, na ajiye. Wannan nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Ranar ta zo da zafi mai nauyi, hadari ya taru ya ƙi zubowa. Motar masu tallar ta ɗauke shi da ƙarfe ɗaya. Na ce ba zan je in kalla ba, na zauna ina jiƙa wake. Wajen ƙarfe uku na ɗauki wandon da ya cire zan rataye, na ji wani abu a aljihu. Ƙwayoyin maganin farfaɗiyarsa ne, na kwana uku, a naɗe cikin takarda. Maganin yana sa hannunsa ɗan rawa. Ya daina sha don kada cokalin ya motsa.

Ban ko sauya takalmi ba na fita. Tasi ta kasa tafiya, don kowane layi masu takaba sun tare shi da igiya: samari da magidanta sanye da baƙaƙen riguna na mata da gashin kanti, suna kukan ƙarya, suna faɗawa kan motoci suna cewa tsohonsu, wato mutum-mutumin Tsohuwar Shekara, zai mutu yau, a taimaka da na jana'iza. Haka ake yi kowace shekara, ni ma na sha dariyarsu. Na biya direba na ci gaba da ƙafa, ina ratsa warin fenti da giya da hayaƙin gasasshen nama.

Lokacin da na isa an riga an fara. Dandamalin bai fi tsayin gwiwa ba. Kawu goma, kwat goma, cokali goma a sama. Mai gabatarwa yana riƙe da makirufo yana cewa, "To, Kawu, lokaci ya yi, tashi ka nuna kanka." Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa, yana dariya. Ni na gan shi tun daga nesa, na uku daga hagu, don babban yatsansa yana murza na kusa da shi.

Wani daga cikin taron ya ce, "Ya daskare." Wani ya amsa, "To a tashe shi mana." Duk wanda ke titin nan ya san yadda ake tashinsa, wata guda talabijin na koya musu. Igiyar ta faɗi, masu gadi biyu suka ja gefe suna murmushi, mutane suka hau suka bi bayan kujerun, suna marin kowace ƙeya don su ji wadda za ta yi ƙara.

Na kurma ihu. Na ce mijina ne, ba shi da lafiya, ku bar shi, zai mutu.

Sai suka juyo suka ga mace cikin baƙi tun daga sama har ƙasa, gashi a warwatse, tana kuka tana cewa tsohonta zai mutu. Suka buɗe mini hanya suna tafi. Wani ya ce, "Har da mai takaba suka kawo, kamfanin nan ba ya wasa." Wani ya ce, "Wannan kam ta fi na layinmu, kamar mace ta gaske." Na kama rigar mai gabatarwa ina faɗa masa akwai ƙarfe a kansa, a kira motar asibiti, shi kuwa ya ɗauka cikin shirin ne, ya kara mini makirufo a baki. Muryata ta cika titin, dariya ta biyo bayanta. Silalla suka fara faɗowa a ƙafafuna.

Ban ga hannun wa ba ne. Na dai ji ƙarar ta bambanta da ta takarda. Eliécer ya karkata a hankali, ya faɗi ta gefe da kujerar, cokalin yana hannunsa. Bayan kwana biyu, da aka fito da gawarsa a rufe, likita ya ce mini ba duka ɗaya ba ne, sun kai shida ko bakwai, na ƙarshen ne kawai ya sami wurin.

Amma a lokacin yana numfashi. Na zauna a kan katakon na ɗora kansa a cinyata. Jini siriri yana fitowa ta kunnensa yana bin fentin fuskar. Na hango Fulton can yana ture mutane yana neman hanyar da mota za ta shigo, suna ture shi suna cewa ya bi layi. Ina kiran sunan Eliécer a kunne, sunansa na gaske, wanda babu wanda ya sani a wurin. Idonsa a buɗe yake, yatsansa ya daina motsi.

Wata mata mai fara'a ta durƙusa kusa da ni, da jikarta a hannu. Ta zaunar da yarinyar a gefen kansa, ta gyara mata ribbon, ta ja baya ta ɗaga waya. Ta duba abin da ta ɗauka, ta girgiza kai.

Ta ce, "Yi haƙuri, 'yar uwa, ɗan sake kukan nan, yarinyar ta rufe ido."