Waƙar da Ta Tsallako Tsauni

A ƙauyenmu Javorka, gindin tsaunin da ya raba Morabiya da ƙasar Sulobak, dokar biki ɗaya ce: duk wanda ya tsaya gaban makaɗa ya ɗauko waƙa, dole shugaban masu goge ya cafke ta da kunne kafin baiti na biyu ya ƙare. In ya kasa, ya ajiye gogensa a tebur, wani ya ƙarasa bikin. Metodej, shugaban masu gogen ƙauyen, bai taɓa ajiyewa ba, bai kuma taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Mutum ne mai ji da kansa, kuma a gaskiya yana da abin ji.

Shi dai a wurinsa duk wata waƙa mai daɗi a Javorka aka haife ta, mutanen bayan tsauni sata suka yi. Sai ga shi 'yarsa tilo, Anežka, ta rasa wanda za ta so sai Ondrej, ɗan bayan tsaunin. Ranar ɗaurin aure aka ce ya zauna ya ci naman agwagwa kamar kowane uban amarya, ya ce ba a haifi wanda zai kaɗa wa 'yarsa goge yana raye ba.

Da la'asar, an ci an sha, sai kakar ango, wata 'yar tsohuwa mai suna Dorota, ta dogara sanda ta tsaya gabansa.

"Suruki, an ce mu ɓarayin waƙa ne. To ga kayanka na dawo maka da shi, in ka gane shi."

Ta ɗauko waƙar da wata siririyar murya, a hankali, tana jan kowace kalma. Metodej bai san ta ba. Baiti na farko ya wuce gogen na rataye a hannunsa, dangin ango har sun fara zunguran juna. Dežo mai babban goge, ɗan ƙabilar Romawa masu yawon ƙasa-ƙasa, wanda suka tsufa tare a wannan sana'a, ya sunkuyo ya ce masa ya daina sauraren kalmomin, ya ƙara mata gudu a cikin kansa. Da ya ƙara, sai ga ta sarai: waƙar rawar girbi ce da mahaifinsa ya koya masa, wadda Romawa ma ke kaɗawa a nasu bukukuwan. Daɗi ya kashe shi, ya ja goge da ƙarfi, samarin Javorka suka hau buga ƙafa.

Dorota ta doka sanda a ƙasa, komai ya tsaya.

"Ka gane ta, amma ba ka san aikinta ba. Mu ba rawa muke da ita ba. Da ita uwa ke fitar da 'yarta daga gida. Yarinyar nan ba ta da uwa, shi ya sa na tashi. Za ka bi ni, ko za ka ajiye?"

Metodej bai taɓa bin kowa ba, mawaƙa ne ke gyara murya su bi shi. Ya dubi teburin, ya dubi Anežka tsaye da furanni a ka. Sai ya mayar da gogen ƙarƙashin haɓa, ya jira tsohuwar ta ja numfashi, ya shiga a bayanta.

Ban taɓa jin kiɗa irin na ranar ba. Matan bayan tsauni suka amsa da harshensu, namu suka amsa da namu, Dežo yana gunguni da nasa, waƙar ta ɗauke su duka ba ta yi gardama ba. Hawaye na bin gashin bakin Metodej yana ɗiga a kan katakon gogen, amma hannunsa bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Bai ajiye gogen ba. Da shi a haɓa ya raka keken dokin amarya har kan tsaunin, ya tsaya daidai iyaka yana kaɗawa a hankali, yadda tsohuwar ta koya masa, har suka gangara ya daina hango furannin kan 'yarsa.