"No" Ɗin Baba Zdenek

Ni na fara ganewa, kafin likita, kafin kowa a benenmu na La Courneuve. Na kai wa maƙwabcina Baba Zdenek shayi da safe, na ce, "Bonjour, soja!" Ya buɗe baki, sai wani yare ya zubo. Ciwo ya kwashe masa Faransanci, ya bar shi da Cek, harshen uwarsa.

Mutumin nan ya yi yaƙin duniya na biyu yana saurayi, daga baya ya tsallake iyakar ƙasarsu, bai sake komawa ba. Ni kuwa Badaru, daga Damagaram na keta Sahara a bayan babbar mota, ban taɓa zama aji ba, ga ni da raina. Shi ya sa jininmu ya haɗu.

'Ya ɗaya gare shi, Brigitte, a Lyon. Ba sa magana tun rasuwar uwarta, kuma bai koya mata Cek ba. Najla, mai jinyarsa, ta kira ta, ta kara masa talho a kunne. Ina jin muryar Brigitte: "Papa, in zo?"

"No," in ji shi. "No, no."

Brigitte ta kashe.

Najla ta ce, "Alhaji, ya ƙi ta. Kuma ba zai kai mako ba."

"Sake kira, ɗiyata, ki ba ni."

Na ce, "Madame, shekara da shekaru ina miƙa wa ubanki kilishi. In daɗi ya kwashe shi, 'no' yake cewa yana miƙo hannu. A garinsu 'no' shi ne 'i'."

"Monsieur, kada ku yi mini wasa."

"Wasa? Da furfurata? Hau jirgi. In ƙarya nake, ki zage ni gaban matata."

Washegari sai ga Brigitte da ƙaramar jaka, ta tsaya bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ta ce, "Papa, ka gane ni?"

"No," in ji shi, ya kamo hannun rigarta.

Dariya da kuka suka haɗe mata, har ni na juya ina gyaran hula.

Ranar Laraba da la'asar ya cika. Brigitte tana cikin yi masa aski ne, kunci ɗaya fes, ɗaya da kumfa, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kansa. Ta ƙarasa askin a hankali.

Mai musu ya tafi Lyon ya tambaye ta. Ni zan raka shi tasha.