Ganyen Shayin Matar Alƙali

A yi mini afuwa, ni karatu na sani, rubutu kuwa yau ne farau. In na yi tuntuɓe a ɗauke kai.

Tun da mijinta ya rasu aka sayar da benensu, Matar Alƙali ta koma ɗaki biyu a bayan shagon tela, ba ta tsira da komai ba sai butar shayi mai bakin zinariya. Kwatsam wata 'yar fim ta fara zuwa wurinta, ga kyau, ga ladabi kamar ta kwanta a ƙasa.

"Goggo, fim za mu yi a kan manyan mata irinku. Ki koya mini zama, ki koya mini zuba shayi."

Ta koya mata. Har ta saki jiki, ta daina ɓoye dafaffen ganyen shayin da take shanyawa a taga don ta sake dafawa gobe.

Fim ya fito, ya kwashe kyaututtuka, aka aiko mata da katin gayyata. Ta goge tsohon mayafinta, ta zauna a sinima tana jiran duniya ta ga mutuncin gidansu.

Sai ga ta a allo: tafiyarta, tarinta, har ɗan yatsan da take ɗagewa in ta riƙe kofi. Matar cikin fim ta duba hagu da dama, ta kwashe busasshen ganye daga taga, ta dafa wa baƙi, wai daga ƙasar waje aka aiko mata. Zauren ya kece da dariya.

"Kai, tsohuwar nan!" in ji saurayin da ke gefenta, yana dukan cinya. "Iya, kin ga ƙarfin hali? Ga tsiya, ga jin kai!"

Matar Alƙali ta gyara mayafinta. Ashe haka take. Ashe duk baƙin da suka sha suka yaba, tausayinta suke ji.

A ƙarshe matar cikin fim ta fasa butar, ta koyi rawa, mutane suna ta share hawaye. Aka kunna fitilu, 'yar fim ta hau dandamali tana haki don murna.

"Wadda na kwaikwaya tana cikinku! Ganyen nan ma daga tagarta na ɗebo. Goggo, ina kike? Taso su gan ki!"

Kawuna suka fara juyawa. Matar Alƙali ita ma ta waiwaya, kamar mai neman tsohuwar, har da ɗan tafi. Da saurayin ya miƙe yana leƙen sahun gaba, sai ta raɓa ta bayansa, ta cire takalmanta don kada su yi ƙara, ta sulale ta ƙofar masu shara.