Hannun Dewey a Babban Allo

A Nashville, birnin mawaƙan Amurka, in kana so a tuna kana da amfani, sai ka daure ka mutu. Sannan ne ƙungiyar masu harkar waƙa za ta jera kujeru, a soya kaza, a haska hotonka a taron tunawa da mamata na shekara, kai da aka yi ta wucewa a bayan dandamali ba ko gaisuwa.

Bana Dewey Stallcup ne mamacinmu. Ni Marvella mai gyaran gashi ce, na ƙarar da ƙuruciyata ina tayar wa mawaƙa gashi sama. Dewey kuwa shi ke kula da jitocin babban mawaƙin nan, Royce Tadlock. Ya canja tsirkiya, ya daidaita sauti, ya laɓe a bayan labule ya miƙo jita, Royce ya karɓa ko waiwaye babu. Tun Royce yana da gashin kansa na gaske suke tare, ni ce shaida, don ni nake manna masa na aro.

Matar Dewey, Orlene, abu ɗaya take so a duniya: a ga fuskar mijinta a babban allon nan, mutane su san wa aka rasa. Da kanta ta zaɓi hoton. Ga Dewey a bakin kogi riƙe da ƙatuwar tarwaɗa, yana dariya har karyayyen haƙorinsa a waje. Ni na kai wa yarinyar da ke shirya taron, wata Kaylin, mai murmushin da ba ya sauka.

"Kai, ya yi kyau!" in ji ta. "Amma babu wani hoton da ke nuna alaƙarsa da harkar waƙa?"

"Harkar ce ta cinye masa baya da kunne ɗaya, 'yar nan. Wace alaƙa kuma kike nema?"

"Kada ki damu, za mu duba namu hotunan."

Sun duba kuwa, sannunsu da aiki.

Ranar taron na ɗauko Orlene da rana, ta sha rigarta ta zuwa coci. Muka zauna can baya, inda aka ga ya dace da mu. Royce yana sahun gaba da hularsa mai faɗin faranti. Aka saki kiɗa mai sanyi, hotuna suka fara wucewa. Direban bas, a tafa sau biyu. Mai ɗinka riguna, a tafa sau ɗaya, wani na latsa waya. Orlene ta riƙe hannuna gam, har yatsuna suka yi tsami.

Sai ga Royce ya cika allo. Baki buɗe yana waƙa, riga sai walƙiya take. Can a kusurwa, daga bayan labule, ga hannun mutum ya miƙo jita. Hannu kawai, daga gwiwa zuwa yatsu. Sunan Dewey yana ƙasa, tulin furannin da aka jera a gaban allon ya rufe shi ruf.

Wata mata ta ƙwalla ƙara: "Wayyo Yesu, Royce ya rasu?"

Zo ka ga rikicewa! Masu kuka na yi, masu kiran 'yan uwa a waya na yi. Sai mamacin, wato Royce, ya miƙe daga kujerarsa, ya dafe hula don kada asirina ya tonu, ya juyo.

"Ina nan da raina, jama'a!"

Zauren ya tashi tsaye. Tafi, fito, ihu, har Royce ya share hawaye, abin ya taɓa shi bawan Allah. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Na jawo jakata.

"Tashi mu tafi, Orlene, kafin in je in tuɓe masa gashin nan a gaban kowa."

Ashe ta riga ni tashi. Tana tsaye, idonta a kan kusurwar allon, tana tafi da iyakar ƙarfinta.

"Orlene! Ba Dewey suke wa ba fa."

"Na sani, Marvella, ba makauniya ba ce ni," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Hannunsa ne can, ga zoben aurenmu. Ki taya ni kafin su canja hoton."

Na ajiye jakar na taya ta.