Agogon Ɗakin Hoto

Kwamfutar ɗakin hoto ta girmi rabin ma'aikatan asibitin, kuma ba mai taɓa ta sai mai hoto, wani dattijo da ke lulluɓe ta da tawul duk yamma kamar jaririya. Ita kaɗai ke aiki da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, shi ya sa kamfanin da ke da asibitin ya hana a sabunta ta, ya kuma toshe duk kafar da za a cusa filashi a kwafi hoto. Auta, mai kula da kwamfutocin asibitin, ta daɗe da fita harkarta.

Ranar Laraba dole ta sa ta shigo. Hoton mahaifinta ne a cikin kwamfutar, da wani duhu a huhun hagu wanda likitansu ya ce ya fi ƙarfinsa. Babban likitan huhu da ke wani gari mai nisa ya yarda zai duba da ƙarfe ɗaya, minti goma sha biyar kacal, ta kiran bidiyo, a nuna masa fuskar kwamfutar kai tsaye. Wanda aka ɗauka da waya aka tura masa, ya ce ba zai yanke hukuncin tiyata a kan dishi-dishi ba.

Tun takwas Auta ke fama. Sabuwar manhajar kiran ta ƙi sauka, wai kwamfutar ta tsufa. Ta tono tsohon samfurinta, shi kuma ya nemi wasu fayiloli uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta samo. Wajen sha biyu manhajar ta zauna daram, ta buɗe, sannan ta ƙi haɗuwa da kowa. Auta ta duba intanet, ta kashe ta kunna har sau huɗu. Tsoro ya kama ta sosai. Baba kuwa yana benci a waje, yana tari yana hira da masu jira, ko a jikinsa.

Mai hoto, da ke tsaye a kanta yana ajiyar zuciya duk lokacin da ta danna wani abu, ya yi gyaran murya.

"'Yata, ko dai agogon ne? Ni nake mayar da shi baya."

Ashe shekara tara ke nan, tun da manhajar hoton ta fara ƙorafin wa'adinta ya ƙare, dattijon nan yake komar da kwanan wata zuwa shekarar da aka kawo na'urar. Bai gaya wa kowa ba, don kada a ɗauke masa ita. Manhajar kira kuwa ba ta yarda da kwamfutar da kwanan watanta ya saɓa wa na duniya. Auta ta rasa faɗa za ta yi masa ko godiya. Ta sa ya buɗe hoton Baba tukuna, don kada manhajar hoton ta ƙi buɗewa, sannan ta gyara kwanan watan, ta roƙe shi ya sa hannayensa a aljihu.

Ɗaya da minti biyu fuskar likitan ta bayyana. Ya sa aka ƙara girman hoton, aka matsa gefe, ya ƙare masa kallo. Sannan ya ce tabon tsohon ciwo ne da ya warke, ba ƙari ba ne. Maganin tari na sati biyu, a sake hoto bayan wata shida.

Ta fita, ta zauna kusa da Baba. Ya daina hirar, ya tambaye ta a hankali ko za a yanka shi.

"Ba za a yanka ka ba, Baba. Tashi mu tafi gida."

Ya yi hamdala, ya ɗauki hularsa, sai ya ga ita ta kasa tashi, kuka take. Ya koma ya zauna, ya jira ta gama kukanta.