Fili na Sha Huɗu

Ƙarfe takwas saura minti goma Rosalba Urrutia ta shige ɗakin shan kofi na asibitin haƙorin da take aiki, ta buɗe kwamfuta, ta ajiye katin banki kusa da hannun damanta. Wayarta kuwa tun da asuba ta kife ta. Mamanta ta kira sau uku wajen shida da rabi ba ta ɗauka ba, don ta san Ofeliya in ta fara magana sai ta gaji don kanta.

Shekara arba'in da ɗaya iyayenta suna hawa duwatsun gabashin Arizona duk watan Satumba, su kafa tanti a gandun dajin gwamnati, bakin wani ƙaramin tafki. A da kowa zuwa yake ya sauke kayansa. Yanzu sai an kama wuri ta intanet, wata shida cif kafin ranar, kuma kafin ka ƙifta ido an wawashe. Bara ba su je ba, saboda shanyewar ɓarin jiki da ta kwantar da babanta, Evaristo. Bana kuwa a duk zangon fili ɗaya ne tak keken guragu zai iya shiga, na sha huɗu, mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daf da ruwa. Shi ne filin da Rosalba ta yi wa babanta alkawari, hannunta cikin nasa.

Ta latsa shafin don ta zauna da shiri. Sai ta ga jadawalin ya yi ja daga sama har ƙasa. Ta sake latsawa, ja. Ta nemi na sha huɗu, an kama, kwana huɗu a jere, daidai kwanakin da take so.

"Twila!" ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira. "Zo ki ga wannan abin, ya lalace. Takwas ba ta yi ba fa!"

Twila ta leƙo da kofi a hannu, ta dubi allon, ta dubi agogon bango, sai ta dafe baki.

"Wayyo ƙawata. Da agogon mutanen gabashin Amurka suke buɗewa, ƙarfe goma nasu. Jiya Lahadi suka matsar da shi gaba."

"To ina ruwana da agogonsu?"

"Da ruwanki mana. Su sun matsa, mu muna nan. Gomansu ta zama bakwai ɗinmu. Ni ma haka ta faru da ni a bikin auren ɗan yayata, na kunna bidiyon kai-tsaye na tarar an gama, ana share shinkafar da aka watsa wa ango da amarya."

Rosalba ba ta yi dariya ba. Mutumin Arizona yana alfahari da cewa shi ba ya taɓa agogonsa, sauran ƙasar su yi ta wahalar kansu sau biyu a shekara. Ita ma ta sha yi wa 'yan uwanta na wasu jihohin tsiya a kan haka. Yau ga shi abin ya juyo kanta, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Ta kira ofishin gandun dajin. Wani mutum mai sanyin murya ya ba ta haƙuri, ya ce ta riƙa dubawa, wani lokaci mutane kan fasa. Da ta tambaye shi wanda ya kama na sha huɗun, ya ce ba shi da ikon faɗa. Ranar nan dai ta yi aiki ne kawai, tana rubuta sunayen masu ciwon haƙori tana tsine wa wani baƙo da ba ta sani ba. Har ta siffanta shi a ranta: ƙato mai sabuwar mota da ƙafafu biyu lafiyayyu, wanda ko a kan dutse aka ce ya kwana zai iya.

Da yamma ta bi ta gidan iyayenta. Ta tarar da Evaristo a tsakar gida kan kekensa. Ya sa an baza masa tsohon tantin a rana, yana goge sandar kamun kifi da hannun hagunsa, wanda shi ne mai aiki yanzu.

"'Yar Baba! An dace?"

"Bari in gaida Mama tukuna," ta ce, ta wuce da sauri kamar mai jin fitsari.

Ofeliya tana kicin tana gasa tortiya, gurasarsu ta masara, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Hajiyar masu waya. Sai yanzu aka tuna da mu?"

Rosalba ta jingina da firiji, hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

"Mama, na rasa filin. Na makara da awa guda, wani ya riga ni. Ban san da wane baki zan gaya wa Baba ba."

"Wani ya riga ki?"

"Wani mara imani. Kwana huɗun duka ya kwashe."

"Allah sarki. Matsa daga jikin firijin nan, kin danne wa mara imanin takardarsa."

Rosalba ta juya. A ƙarƙashin maganaɗisun da ke riƙe da takardun magunguna akwai sabuwar takarda. Fili na sha huɗu, kwana huɗu, da sunan Ofeliya Urrutia. Ta karanta sau biyu, ta zauna daɓas a kujera. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

"Mama, ke da ko saƙon waya sai an rubuta miki?"

"Sati uku ina zuwa laburare, wata mata tana koya mini. Tun a ciki kika fara makara, da sati biyu kika wuce lokacin haihuwa, sai in zuba miki ido?"

"To ya aka yi kika san an canza awa?"

"Gwaggonki Chela ta Chicago. Duk Lahadi takan kira ni in sun fito daga coci. Jiya ko wanka ban yi ba sai ga wayarta. Na ce, af, sun sake taɓa agogon. Yau na kira ki sau uku in gaya miki, kika share ni. Sai na ɗauki mayafina na buga wa maƙwabciya ƙofa, na ce ta ara mini kwamfuta."

Ta juya tortiyar da yatsu, sannan ta rage murya.

"Ni fa ba tafkin ne ya dame ni ba. Sauro ne da ciwon baya. Amma tun da kika yi masa alkawarin nan yake cinye abincinsa. Kafin nan kin ga yadda yake, ya juya wa bango fuska." Ta zare takardar ta miƙa mata. "Je ki kai masa. Kuma kada ki ce ni ce. Ke kika yi alkawari, daga hannunki yake jira."

Rosalba ta wanke fuska a famfon kicin, ta fita. Evaristo ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya bi layukan a hankali, leɓensa na motsi. Da ya zo kan sunan sai ya ɗan tsaya, ya saci kallon tagar kicin, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya ninke ta da hannu ɗaya a kan cinyarsa, ya sa a aljihun riga.

"Satumba," ya ce. "Wata nawa ke nan?"

"Shida, Baba."

"To, ashe ba ni da damar mutuwa kafin nan. An riga an biya."

Ya nuna mata sandar tafiya mai ƙafa huɗu da likita ya ba shi, wadda tun Kirsimeti take jingine a bango Ofeliya na shanya tsumma a kanta.

"Miƙo min abin can. Daga tanti zuwa bakin ruwa taku talatin ne. Bari mu ga ko nawa nake da su yau."