Gefen Rana

Babanmu, Malam Datti na Gafasa, mutum ne da in ya kafe a kan magana ko jaki sai ya sallama masa. Ni ce babbar 'yarsa, Hindatu, kuma kowa ya ce ni na gado halin, shi ya sa ba ma daɗewa a inuwa ɗaya ba mu sa zare ba. Ƙanwata Zulfa ce 'yar gaban goshi. Ni aure ya kai ni Balan, ita kuwa boko ya kai ta har Afirka ta Kudu, tana bincike a wata jami'a.

Duk Juma'a sai ta kira shi. A shekarar da korona ta shigo, na zo gida duba Inna Hure, mahaifiyarmu, na tarar ya buɗe muryar waya Zulfa tana masa bayanin aikinta. Ta ce wani garin magani suke haɗawa, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, ƙura ma giwa ce a kansu. Garin yakan je ya manne wa ƙwayar cuta ya yi lamo. Sai an haska masa wani jan haske yake farkawa ya ƙone ta. Ta ce sun daɗe suna gwada shi a kan wasu cututtuka, yanzu sun juyo kan korona.

Baba ya tafa hannu. "Ashe shanya ce! Haka muke wa gyaɗa in ƙwari sun shige ta."

Zulfa ta yi dariya. "Ba rana ba ce, Baba. Na'ura ce ke ba da hasken."

"Ke tafi can. Kowane haske ɗan rana ne. Yaushe za ku gama?"

"Mun kusa, Baba."

Wannan "mun kusa" ita ta ja mana. Ranar kasuwar Ajingi ba wanda Baba bai tare da labarin ba, daga masu awon gero har yaran mota. Maganin, in ji shi, rabi biyu ne: gari da haske. Garin yana hannun 'yarsa, hasken kuwa ga shi nan Allah ya zuba mana kyauta har ya yi yawa. Ni dai haushi nake ji. Ni ke zuwa in wanke masa kaya in daka masa fura, amma ban taɓa jin an kai sunana kasuwa ba.

Da bazara ta tsananta, azumi ya kama, sai aka fara jin rasuwar dattawa daga Kano, yau wannan gobe wancan. Aka rufe gari, aka hana jirage tashi. Ana cikin haka Baba ya fara tari. Zazzaɓi ya biyo baya, ya daina jin ƙanshin komai, har daddawar Inna da ke korar mutum daga tsakar gida. Inna ta aiko mini, na baro yara wurin kakarsu na taho.

Na tarar da shi a kan tabarma a filin da muke shanyar gyaɗa, rana tana dukansa, ya tuɓe riga ya buɗe ƙirji.

"Baba, wannan wane irin abu ne?"

"Rabin magani nake sha," ya ce, yana haki. "Zulfa za ta kawo ragowar."

Ma'aikacin lafiya na Ajingi ya zo ya duba shi daga nesa, hanci a rufe. Ya ce numfashin ba na gida ba ne, a kai shi Kano inda ake sa wa mutum iska. Kabo, ɗan ƙanen Baba da ke jan motar haya, ya ce ko yanzu aka shirya shi a shirye yake, masu tsare hanya ba sa hana marar lafiya wucewa. Baba ya ce allambaran. Wai da wane ido zai kalli mutanen Ajingi, a ce uban mai magani ya tafi neman magani wurin wasu? Inna ta yi lallashi, ta yi kuka. Ni na yi faɗa har muryata ta dushe. Kullum da hantsi sai ya rarrafa ya koma filin shanya, kullum kuma numfashin yana ƙara gajarta.

Na ɗauki waya na zaga bayan rumbu na kira Zulfa.

"Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka," na ce mata. "Ke kika ce masa kun kusa. To ga shi can yana gasa kansa yana jiran ki. Maganin nan akwai shi ko babu?"

Sai ta fashe da kuka. "Yaya, a cikin kwanon gilashi kawai yake aiki. Ko a jikin ɓera ba mu gwada ba. Zai ɗauki shekaru, in ma ya yiwu. Na faɗa masa haka ne don na ga yana jin daɗi."

"Sai ki faɗa masa da bakinki."

"Zuciyarsa za ta karye, Yaya."

"Gara ta karye yana numfashi."

Na kai masa wayar har filin, na riƙe masa a kunne. Ban ji duk abin da ta ce ba, fuskarsa kawai nake kallo. Bai katse ta ba, shi da ba ya bari mutum ya kai aya. Da ta gama, na ji tana ta kiran "Baba, Baba, ka yafe mini." Ya ɗago ido ya dube ni, ya ce, "Ku shigar da ni inuwa."

Abin da na yi kwanaki ina nema ke nan, amma wallahi da na ji shi sai da gabana ya faɗi. Muka kama shi ni da Inna muka kai ɗaki. Yinin ranar bai ƙara ambaton Zulfa ba. Ta yi ta kira, yana juya fuska bango. Na tausaya mata, ni da na sha cewa ina ma a rage mata fada.

Da safe Kabo ya kawo mota. Wannan karon Baba bai yi gardama ba, muka kwantar da shi a kujerar baya, na zauna ya jingina da ni, na rataya zanena a tagar da rana ke shigowa. Inna ta tsaya a ƙofar gida tana ta addu'a har muka sha kwana. Hanya fayau, ba kowa sai awaki.

Mun wuce Gaya kaɗan sai na ji yana jan zanen.

"Cire wannan. Matsar da ni gefen rana."

Raina ya ɓaci. "Haba Baba! Ba ka ji abin da ta faɗa maka ba?"

"Na ji." Sai da ya huta kafin ya ci gaba, kalma ɗaya-ɗaya. "Cewa ta yi ba su gama ba. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta barin aiki a rabi. Kar ta zo da nata rabin ta tarar ban ajiye nawa ba."

Na buɗe baki zan yi musu, sai na rufe. Karo na farko ke nan a rayuwata da na bar masa magana. Na cire zanen, na matsar da shi, ya miƙa hannunsa na dama a bakin taga, rana ta kwanta a kai. Na dafa hannun. Hakin ya lafa, na ce a raina barci ya samu, har na ce wa Kabo ya rage gudu a ramuka kar ya tashe shi.

Muna dab da Wudil Kabo ya dubi madubi, ya sake duba, sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya zagayo ya buɗe ƙofa, ya sa yatsu a wuyan Baba, ya fara salati.

"Kai, bari mana," na ce. "Taɓa hannunsa ka ji, da ɗuminsa."

"Yaya Hindatu," ya ce a hankali, "ɗumin rana ne."

A daidai nan waya ta yi ƙara a cinyata. Zulfa ce. Na ɗauka da hagu, don na kasa sakin hannun.

"Yaya, kun isa? Har yanzu fushi yake da ni?"

"Ba ya fushi," na ce mata. "Ya ajiye miki nasa rabin. Ga shi nan a hannuna, bai huce ba tukuna."